Firam ɗin ɗinkin bargo: na katako, na fayif ko zobe, wanne ke riƙe yadi da gaske?

Bargon farko da na ɗinka da hannu na amarya ne, na gado shida-da-shida, irin mai faiba a ciki da ake jerawa cikin kayan ɗaki. Mako uku na yi a kansa. Fuskarsa ta fito sumul, layukan ɗinki a miƙe, har maƙwabta na leƙowa suna sa albarka. Da na juya bayansa sai gabana ya faɗi. Yadin ya tattare a wurare da dama, wani wurin ma ninki ne sosai allura ta bi ta kai ta ɗinke. Addata, wadda ta koya mini riƙon allura, ta shafa wurin da tafin hannu ta ce, "Hannunki ba shi da laifi. Shimfiɗar ce ta gudu, ba ki da abin da zai riƙe miki ita." Tun daga ranar na shiga neman firam, kuma zuwa yau na yi aiki da iri huɗu a nan Gombe. Masu zuwa koyo kullum tambayarsu ɗaya ce, wanne za su sa a yi musu. Ga abin da na gani a kowanne.

Bargo hawa uku ne: yadin baya, faiba ko auduga a tsakiya, sai yadin fuska. Kowanne da halinsa. Na baya yana son zamewa, faiba tana buɗewa tana komawa kamar soso, na fuska kuma yana bin duk inda hannu ya ja shi. Aikin firam guda ɗaya ne tak, ya hana ukun nan rabuwa har allura ta gama haɗa su. Saboda haka kyan katako ko ƙyallin fenti ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ta ina yadi ya kama firam, kuma da me.

Ɗinkin cushe ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya kalli hawan Sallah ya ga lifidi, rigar doki da ta mahayi da ake cusa wa audugar rimi a bi ta da ɗinki layi-layi, wadda a da ita ce kariyar barade daga kibiya. Auduga kuwa Gombe gidanta ce, har unguwar BCGA ta samo sunanta daga kamfanin audugar Turawan Ingila da aka kafa a Manchester a 1902. Na kawo wannan ne don abin da za ki cusa a ciki yana da hannu a zaɓin firam. Faibar da ake sayarwa a naɗe shimfiɗa guda ce, tana jure ɗagawa da juyawa. Audugar da aka shiɓa da hannu kuwa gutsi-gutsi take, in ba a kwance take ba sai ta taru gefe ɗaya, kuma tana son layukan ɗinki kusa da kusa, kada tazara ta wuce inci 2 zuwa 3. Mai aiki da ita ta cire zobe, wato ƙaramin firam mai da'ira da ake riƙewa a cinya, daga lissafi tun yanzu.

Kafin ki je wurin kafinta, ɗauko tef ki auna. Katifar shida-da-shida inci 72 ce kowane gefe. In kina son bargo ya sauko inci 10 dama da hagu, faɗinsa ya zama 92. Yadin baya dole ya ɗara na fuska da kamar inci 4 a kowane gefe, domin a nan za a kama, kuma ɗinki yana cin yadi. Kin kai 100 ke nan. Sanda mai ƙafa 8 inci 96 ce, ba za ta ɗauka ba. Ƙafa 9 ake nema. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, a yanka musu ƙafa 8 don an ce gadon ƙafa 6 ne, sai an zo ɗora yadi a ga bakin ya fita waje.

Firam mafi daɗewa shi ne na sanduna huɗu. A ɗora biyu a kan biyu su yi murabba'i, a matse kusurwoyi huɗun da ƙarfen matsi irin na kafintoci, a ɗora a kan bayan kujeru ko benci biyu. Bargo gaba ɗaya yana buɗe a gabanki. Ba abin da ya kai shi fitar da baya mai santsi, saboda kina iya durƙusawa ki leƙa ƙasa ki ga ko akwai tattara kafin ki soka allura ko sau ɗaya. Ba ya ma buƙatar dogon ɗinkin riƙo, wato manyan taku na wucin gadi da ke haɗa hawa ukun kafin ainihin ɗinki, tunda kowane gefe a ɗaure yake. Ana farawa daga baki a nufi ciki, in hannu ya daina kaiwa, wato bayan kamar ƙafa guda, sai a kwance matsi biyu a naɗe abin da aka gama a jikin sanda, a sake matsewa. Mata huɗu ko shida na iya kewaye shi lokaci guda. Haka matan Amish, wata al'ummar Kiristoci manoma a Amurka, suke taruwa a kan bargo ɗaya, kuma in biki ya matso ga ku da hannuwa da yawa a gida, wannan shi ne naku.

Matsalarsa wuri. Ƙafa 9 a ƙafa 9 cikin ɗaki mai ƙafa 12 a 12 zai bar miki ƙafa ɗaya da rabi kowane gefe, ko kujera ba za ta zauna da daɗi ba, balle a shimfiɗa darduma. Sai dai tsakar gida ko rumfa, can kuma ga ƙurar hunturu, ga kaji, ga yara. Mai ɗaki ciki da falo a unguwar Jekadafari ko Herwagana, wannan ba nata ba ne, sai in za ta iya ba shi falon na kwanaki. Sannan duk lokacin da aka kwance kusurwa sai an sake daidaita ta. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan a auna ɗayan gicciyen. In awon biyu ya zo ɗaya, firam ya miƙe. In ya bambanta ko da inci ɗaya ne, bargon zai fito a karkace, guga kuma ba za ta gyara shi ba.

Na biyu shi ne mai naɗi, kuma shi ne a ɗakina yau. Dogayen sanduna biyu ne masu ƙafa 9, da gajerun hannuwa biyu masu ƙafa 3 da ke riƙe bakunansu. Bargo yana naɗe a sanda ta nesa, kina ɗinka abin da ke buɗe tsakaninsu, kamar ƙafa biyu, kina naɗe wanda kika gama a sanda ta kusa. Daɗin lissafinsa shi ne a Kasuwar Katako yawanci ƙafa 12 katako ke zuwa. Guda biyu za ki saya, a cire ƙafa 9 daga kowanne, ragowar ƙafa 3 ɗin su zama hannuwa, ba asarar ko guntu. In an tashi daga aiki a ɗaga shi a jingina da bango, ɗaki ya koma ɗaki.

Inda masu wannan firam ke shan wahala shi ne hana sanda warwarewa bayan an naɗe. Hanya mafi sauƙi, a bar sandar da kusurwoyinta huɗu, kafinta ya yanke gurbi mai kusurwa huɗu a jikin hannu, ta faɗa ciki ta zauna daram. Ba ta taɓa juyawa da kanta. Aibinta ba ta da tsaka-tsaki: kowane juyi kwata ne, yana cin kamar inci 2, wani lokaci juyi ɗaya ya yi sako-sako, na gaba ya yi tsauri. Maganinsa a yanke gurbin baya da ɗan faɗi, a riƙa soka siririn katako a gefe ana ture sandar kaɗan-kaɗan. Ɗaya hanyar, a zagaye bakin sandar, a huda hannu ta shige, a tsaga hannun daga baki zuwa ramin, a ratsa tsagar da noti mai kunne wanda ake murɗawa da yatsu. Wannan yana ba ki daidai tsaurin da kike so, amma da hunturu katako na bushewa ya tsuke, sai ki ga sandar na sulalewa ko an ɗaure notin. In haka ta faru, naɗa siririn ƙyalle a bakin sandar kafin ki soka ta. Ni dai na fi natsuwa da gurbi mai kusurwa, don ba ya ba ni mamaki cikin dare.

A kan katakon kansa sai na ɗan tsaya, don a nan na taɓa yin asara. Wani kafinta ya haɗa mini firam a ƙarshen damina, na tambaye shi, "Malam, ya bushe kuwa?" Ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki." Disamba na shigowa sandunan suka lanƙwashe kamar baka. Tsakiyar bargo ta saki, gefuna suka ɗaure, layin da na ja a miƙe ya fito da ciki. Yanzu kafin na biya sai na kwantar da sanda a kan siminti na mirgina ta fuska huɗu, in ga ko haske na ratsawa ta ƙasa. Mai nauyi fiye da kima da sanyi a hannu ɗanye ne. A tsawon ƙafa 9, biyu-da-biyu yakan rusuna in aka ja shi sosai, biyu-da-uku ya fi tsayawa. Farin katako ya fi sauƙin ɗauka da karɓar ƙusa, jan katako ya fi ƙarko amma wani yana zubar da launi in danshi ya taɓa shi. A goge shi da sanfefa har sartse ya ƙare. Kuma ki ja kunnen kafinta kada ya shafa masa baƙin mai don gudun gara, kamar yadda ake yi wa katakon rufi. Abin da ya taɓa farin yadi daga nan, ba sabulun da zai fitar da shi.

Na uku shi ne na fayif ɗin roba, wanda 'yan mata suka fi so yanzu. Ba ya buƙatar kafinta. Fayif ɗin ruwa mai inci ɗaya, gwiwoyi huɗu na kusurwa, zarto, shi ke nan. Kada a sa gam a mahaɗa, don a iya wargaza shi a zuba a buhu. Abin riƙonsa ma daga fayif ake yi: a yanka gutsaye masu inci 6 zuwa 8, a tsage kowanne a tsaye a cire kamar kashi ɗaya cikin uku na zagayensa, a goge bakin sosai. In kika shimfiɗa bargo a kan firam kika danna gutsuren, sai ya ce ƙas ya rungume yadin. In kina son ƙarin tsauri, murɗa shi waje kaɗan. Ba huda, ba tsatsa, gara ba ta ci, kuma sauya wuri bai fi minti biyu ba. Ga rigar filo, shimfiɗar jariri, abin goyo mai faiba ko ƙaramar darduma, ban ga kamarsa ba.

Amma fayif ba katako ba ne. Da ya wuce ƙafa 3 zuwa 4 sai ya fara lanƙwasa ciki, in kuma aka bar shi a rana ta watan Maris ko Afrilu ya yi laushi ya ɗauki siffar da ba zai sake ba. Siririn fayif na wayar lantarki bai dace da jikin firam ba sam, ko da yake yana yin abin riƙo mai sauƙin dannawa. Santsinsa ma matsala ce: atamfa tana zama, amma yadi mai sulɓi irin satin yana zamewa a hankali ba ki sani ba. Sai an naɗe fayif ɗin da tsumman atamfa zagaye-zagaye tukuna. Faiba mai kauri kuma takan fi ƙarfin gutsuren, ya yi tsalle ya fita, ko ya matse ta ya bar shaida. Babban bargo a kan ƙaramin firam ɗin fayif yana yiwuwa, sai dai da sharaɗi: sai an bi shi duka da ɗinkin riƙo, kuma nauyin da ke lilo a gefe sai an ɗora shi a kan tebur ko gado, in ba haka ba shi zai riƙa jan wanda ke cikin firam.

Zobe ba sai na tsawaita ba. Wanda ake sayarwa don aikin fulawa siriri ne, ba ya ɗaukar hawa uku. Na bargo yana da kauri kamar inci ɗaya, faɗinsa kamar inci 14, notinsa dogo. A naɗe zoben ciki da ƙyalle don ya ƙara kamu, a fara daga tsakiyar bargo a nufi waje, a cire shi duk dare don kada ya bar da'ira. Da shi za ki iya zama ko'ina, har gidan suna. Amma rungumar bargon shida-da-shida a cinya da zafin Gombe azaba ce, kuma duk ingancin aikin ya rataya ne ga ɗinkin riƙon da kika yi tun farko, layi-layi a tsaye da kwance, tazarar tafin hannu. Matan Bangaladash da ke ɗinka bargon da suke kira kantha daga tsofaffin zannuwa ba su amfani da firam ko kaɗan, a ƙasa suke shimfiɗawa su danne gefuna, amma nasu hawa-hawan yadi ne marasa faiba, ba ya buɗewa ya gudu kamar namu.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a firam ɗin katako, wato yadda yadi ke kama sanda. Na ga masu buga ƙananan ƙusoshin masu kujeru kai tsaye a bakin yadi. Ni ma na yi. A watan Agusta ne, ruwa ya kwana uku yana sauka, ɗaki ya yi danshi. Da na zare ƙusoshin, kowacce ta bar ɗigon tsatsa a farin yadi, ga shi inda aka ja sosai ramin ya yage. Allah ya taimake ni rarar inci 4 ɗin nan ta ɗauke mafi yawa, amma biyu sun shiga ciki, sai da na rufe su da faci. Ƙusa tana jan yadi a ɗigo ɗaya ne, tsakanin ƙusa da ƙusa kuma yadin ya saki, shi ya sa bakin ke fitowa kamar haƙoran zarto. Matsin shanya da wasu ke gwadawa ba shi da ƙarfin riƙe hawa uku. Robar tayar keke tana da ƙarfi amma tana baƙanta yadi.

Abin da ya raba ni da wannan duka shi ne leɓe. A samu yadi mai ƙarfi marar miƙewa, irin kakin makaranta ko tsohon jins, a yanka shi tsawon sanda, faɗin kamar inci 8, a ninka biyu, a kai wa mai gyaran kujeru ya harbe shi a jikin sandar da ƙusar bindiga, a miƙe bisa layin da aka ja da fensir. Ƙarfe ya ƙare a nan, ba zai sake kusantar bargonki ba. A jikin leɓen ne za ki ɗinke bakin yadin baya da zare mai ƙarfi, manyan taku. Ki sa alama a tsakiyar leɓe, ki sa a tsakiyar yadi, ki haɗa alamun biyu, ki ɗinka daga tsakiya zuwa dama, ki dawo daga tsakiya zuwa hagu. In kika fara daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, rarar za ta taru a ƙarshe. Fil ya fi sauri, amma yana sukar ciki da hannu in an naɗe, kuma da damina shi ma yana tsatsa. Ɗinkin bai fi minti ashirin ba, jan kuwa ya bazu daidai a duk tsawon sandar.

Akwai kuma alƙiblar yadi. Ki ja yadi ta tsawonsa, wato bin bakin masaƙa, za ki ji kusan ba ya miƙewa. Ki ja shi ta faɗi, zai ɗan ba da kai. Tsawon ne ya kamata ya tashi daga sanda zuwa sanda, don shi zai ɗauki ja. Gefuna biyu da suka rage a firam mai naɗi ana ɗaure su ne da sirirain tsumma: a maƙale bakin tsumma a gefen bargo da fil, a zagaya hannun firam, a dawo a maƙale gaba kaɗan, haka har ƙarshe. A kama hawa ukun tare, a cikin rarar nan, ba cikin jikin aiki ba. Duk naɗi sai an kwance an sake, kuma wadda ta yi ƙyuyar wannan za ta ga layukanta sun lanƙwasa a gefe.

Kuskuren da kusan kowa ke yi da sabon firam shi ne ɗaure bargo kamar fatar kalangu. Aikin fulawa ne ke son haka. Bargo kuwa, yadin baya ne kaɗai ake ja har ya miƙe ba tattara. Faiba a shimfiɗa ta kawai, na fuska a lallaɓa shi da tafin hannu. In aka ja na baya fiye da kima, ranar da aka sauke shi zai koma yadda yake ya tattaro fuska. In aka ja na fuska, baya ne zai yi ninki. Ma'aunina shi ne in ɗora tafin hannu a tsakiya in danna, ya nutse kamar kaurin yatsu biyu. Da wannan sassauci ne allura ke iya nutsewa ta ɗago ta kwashi taku uku ko huɗu a tafiya ɗaya. In ya yi tsauri sai dai soka ɗaya-ɗaya, yatsu su yi ciwo, allura ta karye. Kuma a wanke yadin auduga kafin a ɗora, don sitaci ya fita, ya gama tsukewarsa tun bai haɗu da ɗan'uwansa ba.

To, wa ya kamata ta ɗauki wanne? Mai koyo da ba ta tabbatar za ta daɗe a sana'ar ba, ta haɗa na fayif mai ƙafa 2 a ƙafa 2, ta yi rigunan filo da shimfiɗar jariri har hannunta ya faɗa, kuɗin da za ta kashe kaɗan ne. Gidan da ke da rumfa da 'yan mata da yawa, kuma aikin na gaggawa ne, sanduna huɗu. Mai audugar shiɓa ma sanduna huɗu, don a kwance take so ta zauna daga farko har ƙarshe. Amma wadda ke karɓar aikin amare, ita kaɗai take ɗinki, a ɗakin da take kwana, kada ta ɓata kuɗinta a wani abu: mai naɗi, da leɓe a sanduna biyun. Ta ce wa kafinta busasshen biyu-da-uku guda biyu, a yanka tara da uku, gurbi mai kusurwa, ba mai ba fenti. Tsayin ƙafafu kuma kada ya yi mata kintace, ta tafi da kujerar da take zama a kai, ta zauna, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta. In ta tashi aiki da dare ta sassauta sanda da juyi ɗaya, ta zare allura daga jikin yadi, ta lulluɓe shi da tsohon zane saboda ƙura.